Furotin da Robar Hanci: Tarihin Ciyar da Majinyaci Daga Gwalkwas Zuwa Tamale

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a babban asibiti, a Tamale ko Kano ko Maraɗi, ya san wata siririyar roba da ake zura wa majinyaci ta hanci har cikin tumbi, a liƙe bakinta a kumatu da filasta. Masu jinya suna kiranta robar hanci. Ta cikinta ake ba da madara ko kunu ga wanda ciwo ya ci ƙarfinsa har ya kasa haɗiya: yaron da tamowa ta kwantar, da dattijon da ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, da ɗan acaɓan da ya bugu a ka ya fita daga hayyacinsa. Irin waɗannan majinyata ba su da ta cewa a kan abin da ke shiga cikinsu. Likita da nas ne ke yanke musu hukunci, kuma kuskure a awon abincin yana iya zama sanadin rasa rai.

Cikin abubuwan da ake aunawa, babu wanda ya jawo muhawara kamar furotin, wato sinadarin gina jiki da ake samu a nama da kifi da ƙwai da madara da wake da gyaɗa. An yi zamanin da masana suka ɗauka ƙarancinsa shi ne babbar matsalar abinci a duniya, aka kuma yi zamanin da suka janye daga wannan ra'ayi. Ƙasar Gana tana da babban matsayi a wannan tarihi, domin a can aka fara bayyana ciwon kwashiyoko ga duniyar likitanci. Muƙalar ta bi diddigin yadda fahimtar ta sauya, da abin da sauyin ke nufi ga majinyacin da ke kwance a Tamale.

2.0 Tamale da Cimar Arewacin Gana

Tamale gari ne na Dagwamba. Tun kafin zuwan Turawa, fataken Hausawa ke ratsa ƙasar Dagwamba a kan hanyarsu ta zuwa Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Yaƙin basasar da ya ɓarke a Salaga a 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwar zuwa garuruwa daban-daban. Da Turawan Ingila suka mayar da hedikwatar mulkinsu ta arewacin Gwalkwas daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, sai garin ya bunƙasa, zangonsa ya cika da baƙi, Hausa ta zama ɗaya daga cikin harsunan kasuwa. Har yau sunayen wasu abinci na Gana suna ɗauke da wannan alaƙa. Abin da ake kira tuo zaafi shi ne tuwon zafi, waakye kuwa daga kalmar wake ya samo suna, ga kuma koko da ƙosai da ake karya kumallo da su daga Tamale har bakin teku.

Arewacin Gana damina ɗaya yake samu a shekara, saɓanin kudu mai damina biyu. Ana noma gero da dawa da masara da doya da gyaɗa da wake da waken suya. Amma idan damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, sai gidaje da yawa su rage yawan girki. A wannan lokaci ne kuma zazzaɓin cizon sauro da gudawa suke tsananta, don haka yunwa da cuta sukan haɗu a kan ƙananan yara. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Gana a 2014 ya nuna kashi 19 cikin 100 na yaran ƙasar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, amma a Yankin Arewa adadin ya kai kashi 33 cikin 100.

Babban asibitin da ke karɓar majinyatan da suka fi ƙarfin ƙananan asibitocin yankin shi ne Asibitin Koyarwa na Tamale. An buɗe shi a 1974, zamanin mulkin soja na Ignatius Kutu Acheampong, a matsayin asibitin yanki. Daga baya ya zama asibitin koyarwa, inda ɗaliban likitanci na Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa, wadda aka kafa a 1992, suke samun horo.

3.0 Asalin Robar Hanci da Sanin Furotin

Hausawa sun daɗe da sanin ɗura, wato zuba wa jariri ko mara lafiya ruwa ko kunu ko magani a baki ba da son ransa ba. Haɗarin ɗura shi ne ƙwarewa, domin abin da aka zuba yana iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu. Likitoci sun yi ƙarnoni suna neman hanyar da za a kai abinci tumbi kai-tsaye. A 1790 wani likitan tiyata a Landan, John Hunter, ya ciyar da wani mutum da ya kasa haɗiya ta hanyar bututun da aka yi da fatar wani dogon kifi mai kama da maciji, yana tura masa ƙwai da madara da sukari. A 1921 likitoci biyu, Abraham Levin a Amurka da John Ryle a Ingila, kowanne ya fito da siririyar roba mai laushi da za ta iya bi ta hanci. Har yau a asibitocin ƙasashe rainon Ingila ana kiran robar hanci da sunan Ryle.

Sanin furotin kuwa ya faro ne daga ɗakin gwaje-gwaje. A 1838 masanin sinadarai na ƙasar Holan, Gerrit Mulder, ya yi amfani da kalmar, bisa shawarar Berzelius na ƙasar Suwidin. An samo ta daga Girkanci, ma'anarta abin da ke kan gaba. Sunan da kansa ya ɗora furotin a saman sauran sinadaran abinci. A ƙarshen ƙarni na 19, Carl Voit na Jamus ya ƙayyade giram 118 a rana ga ma'aikaci mai matsakaicin aiki. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin giram 0.83 a kowane kilo na nauyin jiki ya ishi baligi mai lafiya, wato kimanin giram 58 ga mai nauyin kilo 70. Wannan rabin abin da Voit ya faɗa ne.

4.0 Cicely Williams da Sunan Kwashiyoko

A 1929 wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, ta iso Gwalkwas a matsayin ma'aikaciyar lafiya ta gwamnatin mulkin mallaka. Ta yi aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise da ke Ankara, babban birnin ƙasar. Nan ta riƙa ganin yara masu shekara ɗaya zuwa huɗu da ƙafafu a kumbure, fata tana saɓulewa, gashi ya yi ja ya yi laushi, ga gudawa da yawan ƙunci. Mafi yawansu suna mutuwa. Ta lura cewa yaran da aka yaye ne, ko waɗanda nonon uwa ya ƙaranta musu, aka bar su da kunun masara da dokunu. Ta kuma ga cewa wasu suna farfaɗowa idan aka ba su madara da man kifi da wuri.

A 1933 ta buga bayanin ciwon, ta danganta shi da cimar masara, ta ce ba za a kore yiwuwar ƙarancin furotin ba. A 1935 ta sake rubutu a mujallar The Lancet, inda ta kira ciwon da sunan da mutanen Ga na Ankara suke kiransa, wato kwashiyoko, ciwon da ke kama yaro idan aka yi masa ƙane. Hausawa ma suna da irin wannan fahimta. Idan mace ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki tana goyo, yaron ya rame ya lalace, sai a ce ya sha ciki. Al'ummomin biyu sun lura da lokacin da ciwon ke zuwa, ko da yake bayanin da suka yi wa dalilinsa ya bambanta da na likitoci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma nasarar Williams ta samo asali ne daga sauraron iyaye mata da nas-nas 'yan ƙasa.

Manyan likitocin Landan ba su karɓi maganarta da sauƙi ba. Hugh Stannus, wanda ake ɗauka masani a kan cututtukan abinci na Afirka, ya dage cewa abin da ta gani ciwon felagira ne, wanda aka riga aka sani yana kama masu dogaro da masara. A 1936 aka yi mata canjin wurin aiki zuwa Malaya. Can yaƙin duniya na biyu ya riske ta, sojojin Japan suka tsare ta a Singafo, ita ma ta ɗanɗani yunwa. Bayan yaƙi, a 1948, ta zama shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Hukumar Lafiya ta Duniya.

5.0 Zamanin Giɓin Furotin

Bayan yaƙin duniya ra'ayi ya juya gaba ɗaya. A 1950 hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tura John Brock da Marcel Autret su zagaya Afirka. Rahotonsu na 1952 ya ayyana kwashiyoko a matsayin ciwon rashin abinci mafi muni da yaɗuwa, ya kuma ɗora laifin a kan ƙarancin furotin. A 1955 aka kafa kwamiti na musamman mai ba da shawara a kan furotin. Daga nan aka shiga zamanin da ake maganar giɓin furotin a duniya. An kashe maƙudan kuɗi wajen sarrafa garin kifi da garin 'ya'yan auduga, har da ƙoƙarin samar da furotin daga ƙananan halittun da ake kiwo a kan man fetur. A Gwatamala aka yi wani gari mai suna Incaparina, a Nijeriya kuma aka yi Arlac daga gyaɗa da garin madara. A 1968 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ke gargaɗin cewa duniya na dab da faɗawa rikicin furotin. A daidai wannan lokaci hotunan yaran yankin Biyafara masu kumburarren ciki suka cika jaridu, lokacin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, aka riƙa jigilar busasshen kifi da garin madara ta jiragen sama.

A ɗakunan jinya, wannan fahimta ta haifar da tsari mai sauƙin ganewa: tunda rashin furotin ne ya kumbura yaro, to a cika shi da furotin tun ranar farko, idan ya ƙi ci a zura masa roba. Haka aka koyar da likitoci da nas-nas na tsawon shekaru.

A 1974, shekarar da aka buɗe asibitin Tamale, Donald McLaren na Jami'ar Amurka da ke Berut ya buga maƙala a The Lancet yana kiran al'amarin babban shirme. Hujjarsa ita ce an zuzuta buƙatar yara ga furotin, kuma mafi yawan yaran da ke fama da tamowa ƙarancin abinci gaba ɗaya ne ke damunsu. Yaron da bai ƙoshi ba, jikinsa zai ƙone furotin ɗin da aka ba shi don samun kuzari maimakon ya gina tsoka da shi. A 1977 aka rushe kwamitin furotin.

6.0 Darasin Belsen da Jamaika

Tun kafin McLaren akwai darasin da ba a kula da shi sosai ba. A ranar 15 ga Afrilu 1945 sojojin Ingila suka shiga sansanin Bergen-Belsen na Jamus, suka tarar da dubban fursunoni da yunwa ta mayar ƙashi da rai. Da yawa sun mutu bayan sun ci abincin gwangwani na sojoji, wanda ya fi ƙarfin cikinsu. Aka tura tawagar bincike ƙarƙashin Dakta Janet Vaughan don gwada narkakken furotin ta jijiya da ta roba. Gwajin bai yi nasara ba. Fursunonin suna firgita da ganin allura ko roba saboda azabar da suka sha, kuma abin da ya fi amfani shi ne madarar da aka cire wa mai, a tsinke, kaɗan-kaɗan a kai a kai.

Bayanin dalilin haka ya fito ne daga cibiyar bincike da John Waterlow ya kafa a Jamaika a shekarun 1950. Masanan cibiyar sun nuna cewa jikin da ya daɗe cikin yunwa yana rage aikin kowace gaɓa don ya tsira. Zuciya tana ƙanƙancewa, hanta tana rage sarrafa sinadarai, ƙoda tana kasa fitar da gishiri da dattin jini yadda ta saba, hanji kuma yana yin siriri. Idan aka kwararo wa irin wannan jiki abinci mai nauyi, abubuwa uku sukan faru. Na farko, furotin da ya wuce ƙarfin hanta da ƙoda yana barin datti a jini. Na biyu, gishirin da ke cikin abincin yana tara ruwa har zuciya ta gaza. Na uku, shigowar sukari da yawa yana tayar da insulin, shi kuma ya janye fosfet da fotasiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki, bugun zuciya ya rikice.

A 1982 Michael Golden, wanda ya yi aiki a wannan cibiya, ya buga sakamakon da ya nuna kumburin yara masu kwashiyoko yana saɓewa ko da abincin da ake ba su mai ƙarancin furotin ne. Wannan ya girgiza tsohuwar fahimta, kuma har yanzu masana suna bincike a kan rawar da cututtuka da ƙwayoyin hanji da gubar funfuna ke takawa a ciwon. A 1996 Claire Schofield da Ann Ashworth suka duba rahotannin asibitoci na shekaru kusan hamsin, suka tarar cewa yawan mace-macen yara masu tsananin tamowa bai ragu ba, yana tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Suka ɗora alhakin a kan tsofaffin hanyoyin jinya da ake ci gaba da koyarwa, ciki har da gaggawar ba da furotin mai yawa.

Daga wannan bincike aka samar da madara iri biyu, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a littafin jagorarta na 1999. Ta farko, F-75, tana da kalori 75 da furotin giram 0.9 a kowace mililita 100. Ita ake fara bayarwa, mililita 130 a kowane kilo a rana, a rarraba duk bayan awa biyu, dare da rana. Yaro mai nauyin kilo 7 zai sha mililita 910 a rana, kimanin mililita 75 sau goma sha biyu, furotin ɗin da ke ciki kuwa bai wuce giram 8 da ɗoriya ba. Idan yaron ya kasa shanye kashi 80 cikin 100 na abin da aka auna masa, sai a zura robar hanci a cika ragowar. Manufar wannan mataki ita ce a daidaita jikin, ba a neman yaro ya yi ƙiba tukuna. Sai kumburi ya fara saɓewa, yaro ya fara neman abinci da kansa, sannan a koma F-100, mai kalori 100 da furotin giram 2.9 a mililita 100. A wannan mataki na biyu furotin yakan kai giram 4 zuwa 6 a kowane kilo a rana, domin a lokacin jiki ya shirya gina tsoka.

7.0 Daga Maraɗi Zuwa Arewacin Gana

F-100 tana da matsala guda: ana dama ta da ruwa, don haka tana saurin lalacewa, ba a iya ba uwa ta tafi da ita gida. A 1996 likitan Faransa André Briend da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset suka mayar da sinadaranta cikin tunkuzar gyaɗa da mai da sukari da garin madara, suka sa masa suna Plumpy'Nut. Kowane ƙunshi mai giram 92 yana ɗauke da kalori 500, kuma ba ya buƙatar ruwa ko girki.

Babban gwajin wannan abinci a ƙasar Hausa aka yi shi. Lokacin ƙarancin abinci na 2005 a Nijar, ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Yawancinsu a gida aka yi jinyarsu, uwa tana zuwa karɓar abincin mako-mako. Waɗanda aka kwantar su ne waɗanda suka daina cin abinci ko wata cuta ta haɗu musu da tamowar. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan tsari. Gana ta fara gwada shi a 2008 a kudancin ƙasar, daga baya ta faɗaɗa shi zuwa yankunan arewa.

Sakamakon haka, yaran da ke isa gadon babban asibiti irin na Tamale su ne mafi galabaita, kuma su ne suka fi buƙatar robar hanci da awo na tsanaki. Nan ne kuma ake karo da wata matsala ta fahimta. Tunda yaran da suka fi jin jiki ake sanya wa robar, wasunsu kuma suna rasuwa, iyaye da dama sun ɗauke ta alamar ajali, har wata uwar takan ƙi yarda ko ta zare ta da dare. Wata kuma, ganin ɗanta yana shan tsinkakkiyar madara kaɗan-kaɗan, sai ta ɓoye ta ɗura masa abinci mai nauyi don tausayi. Saboda haka bayanin da nas za ta yi wa uwa cikin Dagbanci ko Hausa yana cikin maganin.

8.0 Manyan Majinyata a Sashen Kulawa ta Musamman

Tarihin manya ya bi kusan irin wannan sawu. A shekarun 1930 David Cuthbertson na Gilasgo ya lura cewa mutanen da suka karye suna zubar da sinadarin naitirojin mai yawa a fitsari, alamar jiki yana cin tsokarsa. A 1942 ya bayyana cewa jiki yana bin matakai biyu bayan rauni, matakin lafawa da matakin tasowa. Wani bincike da aka yi a Ingila, aka buga a 2013, ya auna tsokar cinyar masu matsanancin ciwo, ya tarar ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a kwana goma. Wanda ya rasa tsoka haka yakan daɗe a kan na'urar numfashi, idan ya tashi ma yakan yi watanni bai koma aikinsa ba.

Ganin haka masana suka yi hasashen cewa ƙarin furotin zai tare wannan asara. Jagorar ƙungiyoyin Amurka ta 2016 ta ba da shawarar giram 1.2 zuwa 2.0 a kowane kilo a rana, ta Turai ta 2019 kuma ta ce giram 1.3, a kai gare shi sannu a hankali. Sai dai shawarwarin sun dogara ne a kan lura da majinyata, kuma lura tana iya yaudara, domin mai sauƙin ciwo shi ne cikinsa ke karɓar abinci da yawa, shi ne kuma ya fi yiwuwar rayuwa.

Gwaje-gwajen da aka raba majinyata ta hanyar ƙuri'a sun ba da wata amsa. A 2011 binciken da aka yi a Beljiyam a kan majinyata 4,640 ya nuna cewa jinkirta ƙarin abinci ta jijiya na mako guda ya fi gaggauta shi amfani, kuma a 2016 aka sami irin wannan sakamako a kan yara 1,440. A 2023 aka buga gwajin EFFORT Protein, wanda ya ƙunshi majinyata 1,301 a sassan kulawa 85 na ƙasashe 16. An ƙayyade wa rukuni ɗaya giram 2.2 ko fiye, ɗayan kuma giram 1.2 ko ƙasa. Ƙarin furotin bai gaggauta sallama daga asibiti ba, bai rage mutuwa ba, kuma akwai alamar ya cutar da masu raunin ƙoda. A 2024 gwajin PRECISe na Holan da Beljiyam, mai majinyata 935, ya kwatanta giram 2.0 da 1.3, ya tarar waɗanda aka ƙara wa furotin sun fi ƙarancin jin daɗin lafiya a watannin da suka biyo baya. A 2025 gwajin TARGET Protein na Ostireliya da Niyu Zilan, mai majinyata 3,397, shi ma bai ga fa'idar ƙarin ba. Bayanin da masana suke bayarwa ya yi kama da na Jamaika: a kwanakin farko na matsanancin ciwo tsoka ba ta iya amfani da furotin yadda ta saba, rarar kuwa tana komawa yuriya, ta zama kaya a kan ƙoda.

9.0 Abin da Ya Shafi Majinyacin Tamale

Kuskure ne a fahimci waɗannan gwaje-gwaje da cewa furotin ba shi da muhimmanci. Mafi yawansu an yi su ne a ƙasashe masu wadata, inda ko rukunin da aka rage wa yana samun kusan giram ɗaya a kowane kilo daga abincin kamfani da aka auna. A asibitoci da yawa na Afirka ta Yamma irin wannan abinci yana da tsada, don haka akan koma ga abin da ɗakin girkin asibiti ko dangi suka haɗa, a niƙa a tace. Domin ya wuce ta siririyar roba dole a tsinka shi, tsinkawar kuwa tana rage amfaninsa.

Lissafi mai sauƙi yana nuna girman giɓin. Majinyaci mai nauyin kilo 60 yana buƙatar giram 78 a rana bisa awon giram 1.3. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, don haka adadin ya yi daidai da ƙwai 13, ko madarar shanu fiye da lita biyu. Masara kuwa furotin ɗinta kimanin kashi 9 cikin 100 ne, saboda haka lita ɗaya ta kokon da aka dama da giram 100 na gari ba ta wuce giram 9 ba. Ko an ba majinyaci lita biyu na irin wannan koko, bai sami rubu'in buƙatarsa ba. Maganin yana cikin gonakin yankin. Wake da gyaɗa suna da kimanin kashi 25 cikin 100 na furotin, waken suya kuma ya haura kashi 35. Tun 1987 Ma'aikatar Lafiya ta Gana da UNICEF suka ɓullo da garin Weanimix, haɗin soyayyar masara da wake da gyaɗa. Irin wannan gari, idan aka ƙara masa madara ko ƙwai da mai ƙarƙashin kulawar masanin abinci, yana rage giɓin. Sai dai dole a kiyaye tsabta da zaɓen gyaɗar da ba ta yi funfuna ba.

Akwai kuma majinyatan da buƙatarsu ta fi ta sauran, kamar waɗanda suka ƙone sosai da waɗanda ake wa wankin ƙoda, domin suna zubar da furotin ta raunuka ko ta na'ura. Sannan akwai ƙa'idojin da ba sa cin kuɗi: a tabbatar robar tana cikin tumbi kafin kowace ciyarwa, a ɗaga kan gado, a wanke robar da ruwa mai tsabta bayan an gama.

10.0 Kammalawa

Daga 1933 zuwa yau, tambayar ta tashi daga ko majinyaci yana buƙatar furotin ta koma nawa yake buƙata, a wane mataki na ciwo, kuma gaɓoɓinsa suna iya ɗauka ko ba sa iyawa. Likitocin yara sun isa ga amsar tun ƙarshen ƙarni na 20, da suka raba jinya zuwa matakin F-75 da na F-100. Likitocin manya sun doshi irin wannan amsa bayan gwaje-gwajen 2023 zuwa 2025: a fara da kaɗan, a ƙara sannu a hankali, a lura da ƙoda, a ƙarfafa abinci da motsa jiki idan majinyaci ya fara murmurewa. A arewacin Gana haɗarin yana ta fuska biyu, domin yaro mai kumburi yana iya cutuwa da abincin da ya yi masa nauyi, baligin da ke kan robar hanci kuma yana iya shafe makonni a kan tsinkakken koko. Aikin da ke gaban asibitocin koyarwa irin na Tamale shi ne su auna ainihin abin da ke wucewa ta robar majinyatansu, su tsara haɗin abinci daga amfanin gonar yankin, su kuma yi wa masu jinya bayaninsa da harshen da suke ji.